Yaɓen Zauren Fannami

A shekarar da aka ce za a fitar da hanyar mota ta ratsa Gure, kumandan mai mulkin yankin ya sa Mushe Abarshi, malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami mushe, ya rubuta littafin tsofaffin wurare na ƙasar, don baƙon da ya zo ya san abin da zai duba. Magana ta bazu a kasuwa cewa duk ginin da ya shiga littafin, hanya za ta kauce masa. Wanda bai shiga ba kuwa, sai diga.

Zauren Fannami yana tsaye daidai inda aka kafa turakun hanya. Fannami kakan Ya Kellu ne, shi ya gina shi don fataken kanwa da mangul su riƙa sauka. Yanzu ba mai sauka sai awaki, amma Ya Kellu, wadda ta haura sittin, ba ta yarda a faɗi haka a gabanta.

Da ta ji mushe zai zo ranar Laraba, sai ta yi abin da kowace mace mai kunya za ta yi. Wa zai nuna wa baƙo bango duk tsaga? Ta kira Barmo magini, ta tara matan unguwa suka yi ta jidar ruwa. Kwana huɗu ana kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi. Ranar Talata zauren ya fito sumul, har da farar ƙasa a bakin ƙofa.

Mushe Abarshi ya zo da kaye, littafinsa na rubutu, a hammata, ya zagaya zauren sau ɗaya, ya tsaya.

"Ya Kellu, an ce mini tsohon gini ne. Wannan ai ko bushewa bai gama yi ba."

"Ɗana, gyara shi na yi don zuwanka."

"Na yarda da ke. Amma kumandan zai zo ya gani da idonsa. In ya tarar da sabon yaɓe, ni zai ce na yi ƙarya."

Ya rufe kayensa. Ran Ya Kellu ya ɓaci, mafi yawa ma da kanta take fushi. Ba ta roƙe shi ba, don roƙo ba halinta ba ne. Ta ce wa Barmo ya miƙo mata gatari.

"Iya, aikin kwana huɗu fa," in ji Barmo.

"Ni na sa a yi. Miƙo."

Ta sari bangon gabas, ta yi ta ɓamɓara a hankali har ta buɗe wuri kamar faɗin faifai. Yaɓe ya bayyana a kan yaɓe, wani ja, wani toka-toka, don gidan Fannami ba su taɓa barin damina ta wuce ba su yaɓe zauren ba.

"Buɗe takardarka," ta ce. "Wannan na bara ne. Wannan ja, shekarar da mijina ya kawo ƙasa daga hanyar Bune. Wannan siriri kuma, duba da kyau, ka ga ƙaiƙayi a ciki?"

Mushe ya sunkuya. "Babu."

"Shekarar babbar yunwa ce. Ƙaiƙayin, mu muka cinye shi. Amma an yaɓe."

Ta sa farce ta ɗaga siririn yaɓen, ya ɓare gaba ɗaya. A ƙarƙashinsa ga sawun ɗan ƙaramin hannu, yatsu biyar cif. Ya Kellu ta kafa masa ido. Ta manta da shi sarai. 'Yarta Yabawa ce ta danna hannu a ɗanyen yaɓe tana da shekara huɗu, har ta sha faɗa a kai. Yunwar da ta biyo baya ita ta tafi da yarinyar. Baƙin cikin ya dawo mata sabo, amma ba ta ajiye gatarin ba.

"Akwai saura da yawa kafin a kai ga tubalin Fannami," ta ce. "In ci gaba?"

"Ya isa, Iya," in ji mushe. Ya zauna a ƙasa, ya rubuta har shafi biyu, ya tambaye ta sunan yarinyar ya sa.

Da ya tafi, Barmo ya kwaɓo ƙasa zai toshe ramin. Ya Kellu ta hana shi. Ta ce a bar shi a buɗe har kumandan ya zo ya gani, kuma in lokacin rufewa ya yi, ita za ta rufe da hannunta.