Kwamfutar da Ke Saka Ƙwai

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da taurin kai na shige shi. Na gan ni tsaye a ofishinmu na zanen gine-gine, wani bunsuru mai tabarau yana zaune a kujerar darakta yana tauna takardun kwangila.

"Hurera, ki mayar da ita inda kika saya," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ba zan mayar ba."

Abin da muke magana a kai yana gefena, ɗaure da igiya: baƙar kwamfuta mai girman ɗan maraƙi, irin wadda aka ƙera don aiki mai nauyi. Tana numfashi a hankali, ɗuminta na dukan ƙafata. Babur ɗina na sayar na saye ta, domin na gaji da ƙaramar da ofis ya ba ni, wadda ke shafe awa shida kafin ta fitar da hoton bene guda, tana nishi kamar mai naƙuda.

"Ƙaramar me ta yi miki?"

"Ta tsufar da ni."

Ya rubuta hakan, ya cinye takardar.

Sai ga mu a kara, kasuwar dabbobi. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, kowa ya riƙe lemarsa a ƙarƙashin ƙafa. Dillalin da ya sayar mini, Baba Tanimu, ya buɗe bakin kwamfutar ya duba haƙoranta, ya shafa bayanta.

"'Yata, lafiyayya ce. Amma ga babur ɗinki can a turke yana cin dusa. Sakar mini igiyar nan, ki hau abinki. Rana na faɗuwa ciniki ya mutu."

Na dubi babur ɗin, shi ma ya dube ni. Na ce sai na ga abin da take iyawa tukuna.

Na miƙa mata zanen asibiti mai hawa huɗu. Kafin in gyara mayafina ta gama, har da inuwar darbejiya a bakin ƙofa. Sannan ta durƙusa ta saka ƙwai shida masu ɗumi.

"Baba, waɗannan fa?"

"Awannin da ta rage miki ne. Kowane ƙwai awa guda."

"To na wa ne?"

Ya sosa gemu. Ya ce shekararsa arba'in a kara, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar.

Amsar ta iso da ƙafarta. Darakta ya zo da kwando ya kwashe biyar, ya ajiye mini zane biyar a madadinsu. Ya ce tunda aiki ya yi sauri, ai sai a ƙara aiki. Na shida na riga na rufe shi da gefen zanen da na ɗaura.

Na koma bayan rumfa na fasa shi a tafin hannu, don in ga yadda awa take idan ta mutum ce. Ashe la'asar ce ƙarama, da tabarma da kofin shayi a ciki. Na shiga na zauna. Ba wanda ya kira sunana. Na ɗauki fensir na fara zana gidan da ba wanda ya ba ni kwangilarsa, mai taga uku ta gabas.

Daga waje Baba Tanimu ya ce, "Rana ta kusa, 'yata. Igiya ko babur?"

Na ƙara naɗe igiyar a hannuna.

Ƙarar jarkokin mai ruwa a ƙofar gida ce ta tashe ni. Kwamfutar na ƙarƙashin tebur, lulluɓe da tsohon zane saboda ƙura, kwana biyu ba a kawo wutar da za ta iya ɗaukarta ba. Ban mayar ba, kuma ba zan mayar ba. Daga gidanmu zuwa ofis tafiyar minti hamsin ce a ƙasa, zuwa da dawowa, kullum. Na jawo takalmina.