Kukan Aro a Ranar Lalle

Falon Umma a unguwar Barking ta London ya cika ya batse. Kiɗa da guɗa na tashi, turaren wuta ya turnuƙe, ni kuwa ina tsakiya da hannuwa a miƙe, lalle bai bushe ba, zuciyata sai tsalle take. Jibi za a ɗaura aurena da Fa'iz, amma ba shi kaɗai ke sa ni zumuɗi ba.

"Zinatu, rufe haƙoran nan," in ji Gwaggo Awabu, yayar Umma. "Amarya ko ɗan hawayen kunya babu?"

"Yana hanya, Gwaggo. Na yi booking ɗinsa."

Aka kwashe da dariya. Yayata Suweiba ce kawai ba ta yi ba. Tana raba lemo, sanye da riga mai dogon hannu a wannan zafin Yuli.

* * *

Wajen Xiang Lan na samo dabarar, ƙawata da muke karatun ungozoma a Whitechapel, 'yar ƙabilar Tujia daga ƙasar Sin. Ta ce a ƙauyen kakarta amarya kan fara kuka wata guda kafin biki, kullum, kuma cikin waƙa. Bayan kwana goma uwarta ta shigo tana amsa mata, sai kaka, sai 'yan'uwa mata. Ta gode wa iyaye, ta caccaki wanda ya haɗa auren, ta amayar da abin da ke cinta. Wadda ba ta iya kukan ba ma, ita ake yi wa dariya.

Na tuna namu: amarya a lulluɓe, hawaye ba magana, kowa na ce mata "haƙuri". Sau uku Suweiba ta dawo gida da akwatinta, sau uku Umma da Gwaggo suka mayar da ita ga mai dukanta, don kada mutanenmu na London su ji. Na roƙe su a ɗaki, suka ce boko ya hau min kai. To, shi ke nan. Wata guda na yi ina tsara baitocin nawa kukan a cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

* * *

Gwaggo na gyara murya za ta fara nasiha, na riga ta.

Da godiya ga Umma na buɗe waƙar, goyon da ta yi mana, da aikin asuba cikin sanyi. Mata suka hau guɗa, wayoyi suka ɗago. Daɗi ya kama ni, na ƙara murya:

"Gwaggo da ta kawo wa Yaya miji, ta ce ɗan mutunci ne,
ta zo ta ɗaga hannun rigar Yaya ta gani.
Umma, ran da nawa zai karya min hannu,
ƙofa za ki buɗe, ko taksi za ki kira ya mayar da ni?"

Guɗa ta mutu. Hawayen da na ce na yi booking suka zo da gaske.

"Wannan kuma al'adar ina ce?" Gwaggo ta tambaya, tana jan labule.

"Ta aro ce. Kuma uwa ce ke amsawa. Umma, ke ake jira."

Umma ta dubi baƙi ɗaya bayan ɗaya. "A zubo abinci," ta ce.

Suweiba ta ajiye tiren. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta naɗe hannun riga har kafaɗa, ta miƙa wa mai lalle. Tabo a kan tabo, wani ya yi baƙi, wani bai warke ba. Mai lalle ta rasa inda za ta ɗora zane.

Hon ɗin mota ya tashi a waje. Mijinta ne ya zo ɗaukarta, kamar yadda ya ce, ƙarfe biyar daidai.

Umma ta miƙe ta nufi ƙofa. Na ɗauka buɗe masa za ta yi. Ta sunkuya cikin tarin takalman baƙi, ta tsamo na Suweiba, ta haye sama da su ba ta kalli kowa ba.

Hon bai daina ba. Gwaggo ta ƙara ƙarar kiɗa, don kada maƙwabta su ji.