Ranar da Kolorada Ta Ƙi Juyawa

Dattijon nan Don Saturnino Terrazas bai gaya wa kowa ba, amma tun bayan bikin Karnabal ya lura hannunsa na hagu ya daina jin magana. Ba ciwo yake yi ba. Yana ɗaukar cokali lafiya, yana ɓalla maɓallin riga lafiya. Sai dai in ya zauna cikin Kolorada ya zo shan kwana, sai ya ji kamar turken da aka kafa a ƙasa yake son murɗawa.

Kolorada motarsa ce. Ja ce, mai ƙofa biyu da dogon gaba, irin na Amurka na da masu silinda takwas, waɗanda in an tayar da su tagogin maƙwabta ke rawa. Tun kafin a haifi 'yarsa Maribel ya saye ta, kuma duk garin Quillacollo an san gurnaninta. Sitiyarinta dama can ba mai laushi ba ne, babu famfon da ke taimaka masa, ƙarfin damtse ne kawai. Amma duk tsawon shekarun nan da hannun hagu kaɗai yake shigar da ita gida, na daman yana kan jinginar kujerar matarsa, Doña Felicidad.

Yanzu kuwa hannu biyu yake sawa, har da cije leɓe. Kuma ya san yadda abin ya fara wa mahaifinsa. Hannu ne ya soma nauyi, tsohon ya yi ta ɓoyewa, ran nan aka wayi gari rabin jikinsa ya shanye, bai ƙara fita ƙofar gida da ƙafarsa ba.

Ranar Lahadi, suna dawowa daga coci, asiri ya tonu. Ya murɗa zai shiga gida, motar ta ƙi bin sa, ta je ta daki ginshiƙin ƙofa. Fitilar dama ta tarwatse. Maribel na tsaye a tsakar gida riƙe da kwandon wanki, ta ga komai. Ma'aikaciyar jinya ce, idonta bai tsaya kan fitilar ba, hannun ubanta ta kalla.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka mayar da ni yarinya. Na ga yadda kake kokawa da shi. Yau ginshiƙi ne, gobe ɗan mutane. Ba ni makullin."

Bai yi musu ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan. Cewa kawai ya yi ta bari da safe ya kai motar wurin Hilarión da kansa, don ba zai iya tsayawa yana kallo wani ya ja ta ba.

Hilarión bakanike ne, abokinsa tun suna samari. Shi ya riƙe Maribel ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. Don Saturnino ya same shi zaune kan tsohuwar taya a bakin gareji, ya sunkuya yana cin salteña, gasasshen fulawa mai nama da romo a ciki, don kada romon ya zubo masa a tumbi.

"A'a, kompadre! Wa ya tsone wa budurwar taka ido?"

"Ni ne." Ya miƙa masa makulli. "Nemo mata mai saye. Amma ban da yaran nan masu cika mota da lasifika."

Hilarión ya daina tauna. Ya dubi makullin, ya dubi abokinsa. "Felicidad ce ta ce ko ita ko motar? Ai na daɗe ina jiran wannan rana."

"Hannuna ne, kompadre. Irin na Babanmu. Na kasa juya ta."

Hilarión ya karɓi makullin. Ya goge yatsunsa a wando, ya ce bari ya matsar da ita daga bakin ƙofa tukuna, ta tare wa mutane hanya. Ya cusa kansa ciki da ƙyar, ya tayar, ya kama sitiyari zai karya ta zuwa ƙarƙashin rumfa. Don Saturnino ya kau da kai, ba ya son gani. Sai ya ji nishi. Ya waiwayo, ya ga Hilarión, mutumin da ke rungumar kan inji shi kaɗai ya ɗora a tebur, ya jingina kafaɗa da ƙofa yana ja da hannu biyu, fuskarsa ta yi jawur.

"Kai! Wannan mota ce ko dutsen niƙa?"

Don Saturnino ya matso a hankali. "Kai ma ka ji?"

"In ji? Saura kaɗan salteñar ta dawo! Da wannan kake yawo a gari? Tun yaushe?"

"Tun bayan Karnabal. Kullum ƙaruwa yake."

"Kuma ba ka zo ba, ka zauna kana yi wa kanka makoki. Tsohon banza. Matsa, ɗauko mini jek."

Hilarión ba mai gaggawa ba ne. Ya fara da tayoyi, ya tarar iskarsu ta yi ƙasa, ga shi dama masu faɗi ne. Ya ƙara musu, ya gwada. Sauƙin kaɗan ne. Suka ɗage gaban motar har tayoyin suka bar ƙasa, ya ce wa Don Saturnino ya shiga ya murɗa. Ko da babu nauyin mota a kansu, sitiyarin na tafiya ne yana cijewa, kamar ana jan akuya zuwa kasuwa. Ya shiga ƙarƙashi ya ɗura giris a kowace gaɓa. Babu canji.

"To, yanzu za mu raba su mu ga mai laifi," in ji shi daga ƙasa.

Ya kwance sandar da ta haɗa akwatin sitiyari da tayoyi. Ya kama taya ɗaya da hannu ya tura, ta tafi sumul, ya jawo, ta dawo sumul. Tayoyi ba su da laifi. Don Saturnino ya murɗa sitiyarin da yanzu ba ya jan komai, ya ji shi da tauri kamar dā.

"Akwatin ne," in ji Hilarión. Ya fito ya buɗe boneti, ya leƙa can ƙasa gefen inji, ya kankare dattin da ya daskare a kan akwatin. Sai ya tsaya. Ya sa filaya ya zaro wani baƙin abu ruɓaɓɓe daga ramin da ake zuba giris.

"Kompadre, mene ne wannan?"

Don Saturnino ya karɓa ya jujjuya. "Totuwar masara ce. Murfin ne ya faɗi a hanyar garin Oruro, da daɗewa. Na toshe kafin mu iso gida."

"Kun iso kuwa?"

Hilarión ya tura yatsa cikin ramin. Maimakon giris, wani jan ruwa ne ya biyo, mai tsatsa da danƙo. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya sake sansanawa. Sai tumbinsa ya fara rawa.

"Giya ce! Wallahi giya ce! Motarka ba tsufa ta yi ba, buguwa ta yi!"

Nan take Don Saturnino ya gane. Kowace Talatar challa ta bikin Karnabal, ranar da kowa ke yi wa gida da gona da abin hawa ado da zaren takarda, a yayyafa musu giya don Uwar Ƙasa ta sha ta kiyaye su, mutane a tayoyi suke zubawa. Doña Felicidad kuwa sai ta sa an buɗe mata boneti. Ta taɓa tambayarsa wane ƙarfe ne ke juya motar, ya nuna mata. Tun daga nan kwalba guda take juyewa a kan akwatin, wai shi ne ke dawo mata da miji gida. Totuwa tana sabuwa ta riƙe. Da ta ruɓe, sai ta koma mazurari.

Ya zauna kan tayar da Hilarión ya tashi. Ya ɗaga hannun hagu ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Dariya yake, amma sai da ya ciro hankici ya share ido. Hilarión ya yi kamar yana neman sifana.

Aikin ya cinye musu yinin. Suka sauke akwatin, suka wanke cikinsa da kananzir har ruwan ya fito fari. Tsatsa ta cinye boris ɗaya, ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, Hilarión ya tono wani a tarkacensa. Suka cika da sabon giris, suka saita notin sama daidai, ba sako-sako ba, ba a matse ba, aka ɗaura murfin ƙarfe na gaske. Totuwar kuwa Hilarión ya ce ba zai bayar ba, a bango zai rataye ta.

Da la'asar Maribel ta ji gurnanin tun daga kan kwana. Ta fito a fusace, uwarta na biye. Kolorada ta taho da ido ɗaya, ta rage gudu, ta karya, ta wuce tsakanin ginshiƙan nan biyu ba ta shafi ko ɗaya ba. Hannun hagu kaɗai ne a kan sitiyari.

Ya ba su labari tun bai fito ba. Maribel ba ta yarda ba sai da ta shiga ta murɗa da kanta, sannan ta kama hannayensa biyu ta ce ya matse nata.

"Wayyo, Baba, ya isa!" Ta yarfa yatsu. "Duk da haka gobe za ka bi ni a auna jininka."

"Ko yanzu kika ce, mu tafi. Ni zan tuƙa."

Doña Felicidad ta naɗe hannu a ƙirji. "Wato ni ce mai laifi ke nan? Shekara nawa ina shayar da ita, ka taɓa kwana a hanya?"

"Ban taɓa ba, uwargida."

"To baɗi ma sai ta sha."

"Ta sha mana," in ji Don Saturnino, yana buɗe mata ƙofar gefensa. "Yanzu akwai murfi. Shigo mu je mu nemo mata fitila."