Ganyen Rake a Amalanken Hadi

Ranar Litinin Badaru ya sa adda ya sare kunya huɗu na gyauron rakensa a fadamar Gafasa, yana sara yana tsaki. Raken ya tsugune wuri ɗaya ya ƙi tashi, ganyensa ya gajarce ya taurare. Shekara ashirin yana noman rake, ga shi mutum ne da ba ya son a gan shi yana tambaya, sai ya yanke wa kansa cewa ƙasar ce ta gaji.

Bai gama tara ganyen ba sai ga Hadi, ƙanen matarsa Bara'atu, da amalankensa. A wajensu ba a sayar da ganyen rake, mai shanu kan zo ne kawai ya kwasa. Shanu biyun da ke jan amalanken su kaɗai suka rage wa Hadi. Sauran garken ya sayar bara, ya kama fadama a Toranke ya dasa rake bisa shawarar Badaru. Tun daga yankan iri har ban ruwa, Badaru ne ya koya masa, kuma yana ji da wannan.

"Bafulatani da noman rake," in ji Badaru yana taya shi lodi. "Allah ya sa kada shanun su riga ka girbi."

Hadi ya yi dariya. "Yaya, ai ɗalibinka ba ya faɗuwa."

Ran Laraba, da Bara'atu ta ishe Badaru da magana a kan raken, ya cusa ganye uku a leda ya tafi Gaya, wai sayen taki. Ya biya ta wajen Malam Sharfaddeen, malamin gona, kamar hanya ce ta biyo da shi. Malam ya juya bayan ganyen ya nuna masa wasu ƙuraje farare da suka bi jijiya. Suna cikin dubawa wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya yi tsalle daga ledar ya sauka kan tebur.

"Ga ɗan aiken nan," in ji Malam. "Ya tsotsi rake mai cuta, ya yi tsalle ya tsotsi mai lafiya, shi ke nan ya zuba masa. Cutar ba ta da magani, feshi ƙwaron kawai yake kashewa. Ƙwansa ma a jijiyar ganye yake sawa. Abin da ka sare, a nan inda yake za ka ƙone shi. Ina fata ba ka ɗaga ko ganye ɗaya ba?"

Badaru ya tuna da amalanken Hadi. Waya ya zaro ya kira shi. A kashe. Ya sake kira, a kashe.

Ya hau babur ya kama hanyar Toranke, ko takin bai waiwaya ba. Yana tafe yana ba kansa haƙuri. Kwana biyu ke nan, shanu biyu ba sa barin ɗanyen ganye ya kwana biyu. Turkensu a bayan gida yake, nesa da fadama. Sau biyu yashi ya nemi kayar da shi, bai rage gudu ba. Tsoro yake ji sosai, domin in gonar nan ta tafi, Hadi ba shi da garken da zai koma wa.

A bayan gidan ya tarar da shanun suna cin harawa. Ya duba gindin turken, babu ko ɓurɓushin ganyen rake. Kadijatu, matar Hadi, ta leƙo ta gaishe shi.

"Kadijatu, ina ganyen da ya kawo shekaranjiya? Sun cinye?"

"Ai bai ba su ba, Yaya. Fadama ya wuce da shi."

Da ƙafa ya ƙarasa, don ya kasa tayar da babur ɗin. Tun daga nesa ya hango gonar, sabon tsiro kore shar, iya gwiwa. Tsakanin kowace kunya an shimfiɗa ganyen rake, an lulluɓe gindin tsiron tsaf don kada zafin bazara ya shanye ruwa. Aiki ne mai kyau, babu inda aka tsallake.

Badaru ya durƙusa ya girgiza tsiro ɗaya. 'Yan ƙwarin suka watse, wasu kan hannun rigarsa, wasu kan kunya ta gaba. Ganyen da aka shimfiɗa ya yi yaushi, sun bar shi sun hau ɗanye. Ya matsa gaba ya girgiza wani, haka. Ya tsallaka tsakiyar gonar ya gwada, haka.

Hadi ya taho daga wajen injin ban ruwa yana goge hannu a wando, fuskarsa cike da murna.

"Na ce shanu su yi haƙuri da harawa, gona ta fi su bukata," ya ce. Sai ya lura da fuskar Badaru, muryarsa ta yi ƙasa. "Yaya, ban yi daidai ba ne? Haka fa ka koya mini."

Badaru na durƙushe, tsiron na hannunsa.

"Haka na koya maka," ya ce. "Zauna, Hadi. Akwai magana."