Abin da ke Jinin Gidan Pyo

"Ba dai a gidana ba!" in ji Maman Dong-ryul, ta juye kwalbar maganin cikin kwandon shara a bakin matattakala. Ina tsaye a ƙofata da kabeji a hannu, ko kunyar idona ba ta ji ba.

Ɗanta Dong-ryul na bayanta, ya cika ƙofa da jikinsa, kansa a ƙasa.

"Umma, likita fa ya ce kar in daina sha."

"Likitan ne zai auri ƙanwarka? Wuce ciki, buhun shinkafa kawai!"

Tun yaron na goye nake maƙwabtaka da gidan Pyo a hawa na huɗu, a nan birnin Daegu na Koriya, don haka babu abin da bango ya ɓoye mini. Dong-ryul ya haura ashirin da biyar, ya ajiye aiki, ya daina fita, sai ci da kwanciya. Da ya kai kansa asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, kuma a wasu gidajen shi da ƙiba tare ake gadonsu. Ya tambayi tarihin dangi, yaron ya faɗi gaskiya. Babansa ma haka ya yi ƙiba, ya ƙare rayuwarsa yana kallon bango.

Kalmar gadon nan ce ta tsaya wa uwar a wuya. Ƙanwarsa Seul-bi ta samu manemi, ɗan wani shugaban makaranta, kuma irin waɗannan gidajen sai sun tona cutar dangi har kaka da kakanni kafin su karɓi yarinya. Ita kuwa uwar gani take gara a ce ɗanta rago ne da a ce ciwo ne a jini, tunda ba a fasa aure don suruki rago.

Sai ta kama maganin abin da ido ke gani. Ta sayo jiƙon rage ƙiba wajen mai maganin gargajiya, ta sa wa firji kwaɗo, kullum da sassafe ta tasa shi gaba zuwa hawan dutse. Ranar da dangin ango suka zo gaisuwa, gidan wanka na unguwa ta tura shi, ta ce kada ya dawo sai ta kira.

Wurina ya biyo maimakon can.

"Inna, akwai sauran shinkafa?"

Na zuba masa da miyar waken suya. Ya hau ci.

"Ba yunwa ba ce fa, Inna. In ina tauna ne kawai kaina ke yin shiru."

Da yamma na tare uwar a matattakala.

"Maman Dong-ryul, ki mayar wa yaron nan da maganinsa. Ba ki ga idonsa ba?"

"Ki ji da kabejinki. Bayan biki ya sha ko buhu ne."

Bayan biki! Sai ka ce ciwo na jiran a gama ɗinkin amarya. Tun ranar raini ya shiga tsakanina da matar nan, har yau bai fita ba.

Bai kai bikin ba. Wata safiya ta buga masa ƙofa don hawan dutse, bai amsa ba. Dong-ryul ya kashe kansa. Kafin motar asibiti ta bar layinmu, uwar ta riga ta sanar da mutum uku cewa bugun zuciya ne.

A zauren makoki na iske ta cikin baƙaƙen kaya, uwar ango na riƙe da hannunta.

"Kai, ashe haka yake kyakkyawa?" in ji uwar ango. "Siriri da shi. Zuciya ba ta da tabbas."

"Ɗan wasanni ne," in ji Maman Dong-ryul tana share ido. "Kullum yana kan dutse."

Na matsa gaba in kunna turare in rusuna wa mamacin sau biyu, sai na ɗaga kai na ga hoton da aka kafa tsakiyar fararen furanni. Ashe gawar ɗanta na kwance ta samu sukunin zuwa shagon hoto. An zabge kumatun, an cire haɓa ta biyu, an ja wuyan ya yi tsawo. Wani saurayi ne da bai taɓa zama a hawanmu ba yake mini murmushi.

Na daɗe a durƙushe ina neman yaron, hayaƙin turare na tashi a gaban gilashin. Kunnuwansa kaɗai suka bari.