Rariyar da Yaya Ya Toshe

Ranar wata Laraba ce abin ya fara. Hadari ya taso da hantsi, ruwa ya sauko bai ɗauke ba sai la'asar. Da Auta ya kwance amalanke ya shigo da goɗiyarsa barga, sai ya tarar ruwa ya kwanta har idon sawu. Tun zamanin kakansu akwai rariya a gindin katangar baya, ta nan ruwan barga ke fita ya bi lungu ya faɗa kwata. Ya durƙusa ya lalubi wurin. Siminti ya taɓa, sabo fil, har da shatin yatsu.

"Wa ya toshe rariya?"

Yayansa na tsaye a bakin ƙofa, ya tattare ƙafar wando. "Ni ne. Tela ya yi ƙorafi. Ruwan fitsarin dawaki na bi ta ƙofar shagonsa, masu kawo ɗinki sai sun toshe hanci."

"Duk shekarun nan bai ji wari ba, sai yanzu da kake neman 'yarsa?"

"Ka iya bakinka, Auta."

"To ina ruwan zai tafi, Yaya? Aljihunka?"

Yaya yana da dabara. Ya sa aka kwaso garin katako daga wajen kafinta aka shimfiɗa a kan taɓon. Auta ne ma ya yi dakonsa, yana zubawa yana tsaki. Sama ya bushe, ya yi fari tas, har ƙamshi yake. In aka sake ruwa, sai a ƙara wani a kai. Amma in ka taka, sai ƙasa ta lotsa, baƙin ruwa ya tsattsafo ta gefen takalminka.

Dawaki biyu gare su. Tsohon dokin yana wajen ƙofa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Turken goɗiyar kuwa yana can kwana, jikin katanga, inda komai ke taruwa. Da ita Auta ke dakon yashi da bulo tun da ya bar makaranta. Ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarsa me ya sa ya bari ba. Babu inda zai mayar da ita. Tsakar gidan ko shanya ba ta isa, lungu kuma Yaya ya hana a ɗaure komai a ciki.

Ya shiga ɗakin Baba, wanda ciwon ƙafa ya kwantar.

"Yayanka ne," in ji Baba. "Ka bari a ɗaura auren nan, sai a buɗe."

"Baba, damina ba ta san da ɗaurin aure ba."

"Fita, mara kunya."

Goɗiyar ta fara sauya ƙafa, ta ɗaga wannan ta ajiye waccan. Daga nan ta fara ɗingishi. Ranar da Auta ya ɗaga kofatonta na baya, ɗoyi ya buge shi har ya kau da kai. Cikin ya yi baƙi, ya yi laushi, yatsansa ya nutse. Likitan dabbobi ya zo ya kankare, ya zuba magani ya naɗe, ya ce in ba busasshiyar ƙasa ta samu ba, wahalar banza ake yi.

"Ka ji?" Auta ya ce.

"Na ji," in ji Yaya. "Gobe ka ƙaro garin katako."

Washegari da rana aka sake maka ruwa. Auta ya leƙa barga ya ga goɗiyar kwance a cikin caɓi, tana ƙoƙarin tashi, ƙafar na zamewa. Ya ɗauko diga.

Yaya ya riƙe masa hannu. "Tela yana shago! So kake ka tona min asiri?"

"Sake ni, ko na fara da kai."

"A kan dabba za ka zage ni?"

"Ita ke ciyar da kai! Kayan da kake ɗinkawa kana zuwa gidan tela da su, a bayanta aka samo!"

Ya fizge, ya shiga taɓon har ƙauri, ya kai wa simintin sara. Abin da fushi bai bar shi ya duba ba shi ne katangar kanta. Ta ƙasa ce, kuma gindinta ya sha ruwa tun farkon damina. Simintin Yaya ne kawai abu mai ƙarfi da ya rage a jikinta. Da ya ɓalle, katangar ta yi wani nishi, ta tafi gaba ɗaya ta faɗa lungu. Baƙin ruwa da ruɓaɓɓen garin katako suka bi bayanta, suka shige shagon tela.

Tela ya fito a guje, tef rataye a wuya, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Ya dubi shagon, ya dubi Yaya ta inda katanga take a da.

"Kai ne ka ce min ka gama da maganar ruwa?"

Auta ya yar da digar ya koma wajen goɗiyar, ya tallafo kanta daga cikin laka.

Yanzu ruwa ba ya kwana a bargar. Ko an yi kamar da bakin ƙwarya, kafin a jima ƙasa ta tsane, tsohon dokin na tsaye a busasshen wuri shi kaɗai.

Abin da aka rasa: katanga ɗaya. Keken ɗinki ɗaya da yadin mutane. Aure ɗaya. Kwanon da 'yan'uwa biyu ke ci tare. Da goɗiya ɗaya, wadda kofatonta ya zare bayan an gama komai, wani mai mota ya zo ya ɗauke ta, babu wanda ya tambaye shi inda zai kai ta.