Wadda Aka Manta a Yanbu

Rabo yana goge gilashin mota a ƙofar gida a unguwar Sih ta Madina, Afnan ta leƙo ta ce kakarta na kira.

Hajiya Tasallah tana kwance, ta rame kamar tsinke. Shekarun nan da yake tuƙa su bai taɓa ganin ta yi barcin kirki ba, kullum cewa take tana jin ƙarar ruwa, a Madina kuwa da ba ko rafi.

"Rabo, ka san Yanbu?"

"Na sani, Hajiya."

"Can jirgin ruwanmu ya sauke mu ina goye. A wajenmu in za a bar bakin ruwa da jariri, sai an kira sunansa, don kada kurwarsa ta tsaya. Inna ta gigice, ranar aka saka gawar yayana Usmanu a teku, ta manta ba ta kira ni ba. Ba na so in mutu rabina yana can. Ka je ka kira ni, ka rufe ƙofar mota nan take, kada ka waiwaya."

Afnan ta ce, tana surka Larabci, "Ya jadda, khalas! Kaka, ya isa haka! Yanbu yanzu wurin shaƙatawa ne." Ta nuna masa hotuna a waya.

Rabo ya tafi, don tausayin tsohuwar ya fi ƙarfin dariyarsa. Ya tarar da tsoffin gidajen dutsen teku masu tagogin katako an yi musu kwaskwarima, baƙi suna ɗaukar hoto, can nesa jirgin yaƙi mai ruwan toka yana tsaye shiru. Ya buɗe ƙofar mota a tsohuwar tashar jiragen ruwa, kunya na cinsa, ya ce, "Tasallah, taso mu tafi gida."

Sai aka kira la'asar. Shi kuwa direba ne tun Maraɗi, bai taɓa rufe wa fasinja ƙofa a fuska ba. Ya bar ta buɗe ya je ya yi salla.

A hanyar dawowa motar ta yi nauyi kamar ta ranar kasuwa. Ƙararrawar da ke tuna wa fasinja ɗaura bel ta dinga kuka, kujera bayan kujera, warin gishiri da jiƙaƙƙen tufa ya cika ciki. Tsoro ya kama shi sosai. Ya juya madubi sama, bai ƙara dubawa ba har Madina.

Ya sami Hajiya zaune, idonta garau. Ba shi ta kalla ba, bayansa ta kalla.

"Ka rufe ƙofar da wuri?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaro, ai ba ni kaɗai aka manta a bakin ruwan nan ba." Hawaye ya zubo mata, tana murmushi. "Usmanu, kai ne? Sannunku da hanya. Afnan, ƙaro tabarmi."

Rabo ya matsa gefe ya ba da hanya, bai waiwaya ba.